Abin da Na Tarar a Karatun Nazarin Laifuka da Kula da Tsaro

Tun ranar da na sami gurbin karatu a sashen nazarin laifuka da kula da harkokin tsaro, tambayar da aka fi yi mini ita ce ko ɗan sanda nake son zama. Wasu kuma sukan ɗauka cewa za a koya mana harbi, ko bin sawun ɓarawo, ko kallon fuskar mutum a gane ƙarya yake yi. Ban ga laifin masu wannan zato ba, domin ni kaina da kusan irinsa na shiga aji a makon farko. Na ɗauka shekarun da zan yi a jami'a za su ƙare ne wajen sanin mai laifi, wato wane irin mutum ne, mene ne ya bambanta shi da sauran jama'a, kuma ta wace hanya ake kama shi. Abin da na tarar ya sha bamban da haka, kuma ganin yawan matasan da ke tambayata ko su nemi wannan fanni, na ga ya dace in zauna in bayyana abin da karatun ya ƙunsa kamar yadda na same shi.

Fannoni biyu ne aka haɗa wuri guda. Na farko, wato nazarin laifuka, ɗan'uwan ilimin zamantakewa ne, kuma tambayarsa ita ce me ya sa ake aikata laifi, su wane ne ke aikata shi, kuma yaya al'umma ke mayar da martani ta hanyar 'yan sanda da kotu da gidan yari. Na biyu, kula da harkokin tsaro, ya fi kusa da ilimin gudanarwa, domin shi aikinsa kare rai da dukiya da bayanai a ma'aikata ko kamfani ko asibiti ko filin jirgin sama, da kuɗi ƙayyadaddu da ma'aikata ƙayyadaddu. A shekarar farko na riƙa jin kamar makarantu biyu nake zuwa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma sai da na yi nisa kafin na ga inda suka haɗu.

Darasin tarihin fannin ya fara ne da Cesare Beccaria, wani matashi ɗan birnin Milan na ƙasar Italiya, wanda a 1764, yana ɗan shekara 26, ya wallafa wani ɗan ƙaramin littafi a kan laifi da hukunci ba tare da ya sa sunansa ba. A zamaninsa ana azabtar da wanda ake tuhuma domin ya amsa laifi, ana kuma zartar da hukunci mai tsanani a bainar jama'a domin tsorata saura. Shi kuwa ya ce abin da ke hana mutum aikata laifi shi ne tabbacin cewa za a kama shi a hukunta shi ba da jimawa ba, kuma wannan tabbacin ya fi tsananin hukuncin tasiri. Fiye da shekara 250 bayan nan, binciken zamani bai rushe wannan magana ba, ƙara mata ƙarfi ma ya yi. Mun saba cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma idan aka duba ta fuskar Beccaria za a ga cewa matsalar tana cikin ranaku dubun nan ne, domin wanda ya sha sau dubu ba ya lissafa rana ɗayar a cikin tunaninsa, komai munin abin da aka tanadar masa a cikinta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a wannan darasi shi ne Cesare Lombroso, likita, shi ma ɗan Italiya, wanda a 1876 ya fito da ra'ayin cewa akwai mutanen da aka haifa da laifi a jininsu, kuma ana iya gane su ta siffar ƙoƙon kai da girman muƙamuƙi da tsawon hannuwa da yanayin kunnuwa. Ya auna fursunoni masu yawa, ya tara ƙoƙunan kawunan matattu, ya rubuta alƙaluma, kuma mutanen zamaninsa da dama sun karɓi maganarsa a matsayin kimiyya. Sai a 1913 wani likitan gidan yari a Ingila mai suna Charles Goring ya fitar da sakamakon aikin da aka yi shekaru ana yinsa, inda aka auna fursunoni wajen 3,000 aka kwatanta su da mutanen da ba fursunoni ba, cikinsu har da sojoji da ɗaliban jami'a. Bai tarar da wata siffa ta musamman da za a ce ita ce siffar mai laifi ba. Malaminmu ya daɗe a kan wannan labari, kuma daga baya na fahimci dalilinsa. Kuskuren Lombroso ba rashin aiki ba ne, domin ya yi aiki tuƙuru. Kuskurensa shi ne bai yi kwatanci na gaskiya tsakanin waɗanda ke ciki da waɗanda ke waje ba, kuma ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa kafin ya ɗauki abin awo. Har yau duk lokacin da na ji an ce wane yana da kamar ɓarayi, ko an ce 'yan wata ƙabila ko wata unguwa haka jininsu yake, Lombroso nake tunawa, kuma raina yakan ɓaci, domin na san an gwada wannan magana tun fiye da shekara ɗari da suka wuce an ga ba ta da tushe, amma har yanzu ana tsare mutane a kan hanya saboda ita.

Bayan su aka bi da mu ta kan masanan Amurka na ƙarni na ashirin. Clifford Shaw da Henry McKay sun zana taswirar laifukan yara a birnin Shikago, suka nuna a 1942 cewa wasu unguwanni suna riƙe da yawan laifinsu ko da mazaunansu sun tashi wasu jinsin mutane dabam sun maye gurbinsu, abin da ke nuna cewa yanayin wurin yana da hannu a ciki. Howard Becker a 1963 ya yi bayani a kan yadda laƙaba wa mutum sunan mai laifi ke toshe masa hanyoyin komawa cikin jama'a har ya zama abin da aka kira shi. Amma wanda ya girgiza ajinmu shi ne Edwin Sutherland, wanda a 1939 ya tsaya gaban taron masana zamantakewa ya ce ra'ayoyin da ke ɗora laifi a kan talauci kaɗai sun gaza, domin an gina su ne a kan waɗanda aka kama, alhali manyan mutane masu mutunci a idon jama'a suna aikata laifuka a cikin ofisoshinsu ba tare da an kai su gidan yari ba. Shekara goma bayan haka ya fitar da bincikensa a kan manyan kamfanoni 70 na Amurka da hukunce-hukuncen da aka yanke a kansu. Tun daga wannan lakca na daina yarda cewa wanda ya leƙa gidan yari ya ga masu laifin ƙasa. Abin da ya gani shi ne waɗanda tsarin ya iya kamawa.

Wannan ne ya kai ni ga darasin da ɗalibai suka fi gudu, wanda kuma a ganina shi ne ƙashin bayan karatun gaba ɗaya, wato ƙididdiga da hanyoyin bincike. Da yawa daga cikinmu sun zaɓi fannin ne da tunanin sun rabu da lissafi, sai ga shi yana jiransu a zango na biyu. Abin farko da aka koya mana shi ne cewa alƙaluman da 'yan sanda ke fitarwa ba su ne adadin laifukan da aka aikata ba, adadin waɗanda aka kai ƙara ne kuma aka rubuta. Wanda aka yi wa ƙaramar sata yakan ga zuwa ofishin 'yan sanda ɓata lokaci ne, matar da aka ci zarafinta takan yi shiru saboda kunya ko tsoro, kamfanin da ma'aikacinsa ya yi sama da faɗi da kuɗi yakan sallame shi a asirce domin kare sunansa. Saboda wannan giɓi ne Amurka ta fara bin gidaje tana tambayar mutane kai tsaye ko an yi musu laifi tun farkon shekarun 1970, Birtaniya ma ta fara nata a 1982. Daga nan mutum zai gane cewa hauhawar adadin ƙararraki a wata shekara tana iya nufin laifi ya ƙaru, tana kuma iya nufin jama'a sun ƙara amincewa da hukuma har suna kai kuka. Wanda bai iya rarrabe waɗannan biyu ba zai iya hukunta jami'in da ya yi aiki, ya yaba wa wanda ya ɓoye littafin ƙara.

Alƙaluman, idan aka iya karanta su, suna faɗin abubuwan da ido ba ya gani. A wani bincike da aka wallafa a 1972, Marvin Wolfgang da abokan aikinsa sun bi tarihin yara maza 9,945 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Philadelphia na Amurka, suka tarar cewa kimanin kashi 6 cikin ɗari na yaran su ne ke da alhakin fiye da rabin laifukan da aka rubuta wa rukunin gaba ɗaya. A 1989 kuma Lawrence Sherman da abokansa suka duba kiraye-kirayen da aka yi wa 'yan sandan birnin Minneapolis a cikin shekara guda, suka ga cewa kusan rabinsu sun fito ne daga kimanin kashi 3 cikin ɗari na wuraren birnin. Kafin wannan, tsakanin 1972 da 1973, an yi wani gwaji a Kansas City inda aka raba yankuna 15 gida uku, aka janye sintirin mota na yau da kullum daga wasu, aka bar wasu yadda suke, aka ninka shi a sauran, kuma a ƙarshe ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan laifi ko a tsoron da jama'a ke ji. Idan aka haɗa waɗannan za a ga cewa laifi yana taruwa ne a hannun mutane kaɗan da wurare kaɗan, kuma yawo da mota ko'ina ba tare da manufa ba asarar mai ne da lokaci.

A nan ne rabin karatun biyu suka haɗu a kaina. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson sun yi tambayar da ta dami mutane da yawa, wato me ya sa laifi ya ƙaru a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu alhali arziki ƙaruwa ya yi. Amsarsu ita ce rayuwar yau da kullum ta sauya: gidaje sun koma zama babu kowa da rana saboda mutane sun fita aiki da makaranta, kayayyaki masu tsada kuma sun ƙara zama marasa nauyi da sauƙin ɗauka. Suka ce laifi yana bukatar abubuwa uku su haɗu a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, wato mai niyya, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai sa ido. Masanin tsaro ba shi da iko a kan zuciyar mai niyya, amma sauran biyun suna hannunsa. Magabata sun riga sun faɗa cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zan iya cewa rabin karatunmu na biyu koyon duba bango ne.

Akwai misalin da ba na mantawa da shi. A 1980 Jamus ta Yamma ta fara cin tarar duk wanda ya hau babur ba tare da hular kwano ba, kuma manufar dokar kare kawunan mahaya ce, babu wanda ya yi ta domin ɓarayi. Amma cikin shekaru shida satar babura ta ragu da fiye da rabi, saboda wanda ya ga babur a ajiye ya yi sha'awar ɗauka ba ya yawo da hular kwano a hannu, kuma idan ya hau babu ita nan take za a lura da shi. Masu binciken da suka bi lamarin ba su ga ƙaruwar satar motoci ko kekuna da ta kai yawan abin da ya ragu ba. Wannan yana da muhimmanci, domin hujjar da aka fi kawowa a kan irin wannan rigakafi ita ce ɓarawon da aka toshe wa ƙofa ɗaya zai koma wata. Yakan koma a wasu lokuta, amma ba kullum ba, kuma ba duka ba, domin yawancin masu ƙananan laifuka ba su ɗauki abin sana'a ba, dama ce ta zo musu.

Darussan tsaro kansu sun fi abin da na zata bushewa, kuma sun fi amfani. An koya mana tantance haɗari, wato a lissafa abin da ake son karewa, a gano abin da ke yi masa barazana, a nemo raunin da barazanar za ta bi, sannan a auna yiwuwar faruwar abin da girman ɓarnar da zai yi, domin babu ma'aikatar da ke da kuɗin kare komai daidai wa daida. An koya mana cewa katanga da kwaɗo da ƙofar ƙarfe ba sa hana mai ƙuduri shiga, jinkirta shi suke yi, saboda haka jinkirin ba shi da amfani sai an haɗa shi da abin da zai gano mutumin da kuma wanda zai kawo ɗauki kafin ya gama. Kyamarar da babu mai kallonta shaida kawai take tarawa bayan ɓarna ta auku. Mun karanta tsarin fitar da mutane lokacin gobara, da kula da cunkoso a wurin taro, da kare bayanan kwamfuta, da rubuta rahoton abin da ya faru cikin harshen da kotu za ta karɓa, da kuma dokokin da suka iyakance ikon jami'in tsaro mai zaman kansa wajen tsare mutum ko bincikar jikinsa.

Babin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na barazanar cikin gida, domin da ɗan gari akan ci gari. Donald Cressey, ɗalibin Sutherland, ya zauna da fursunonin da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin da aka ba su riƙo, kuma a 1953 ya bayyana cewa abubuwa uku ne suka riƙa maimaituwa a labaransu: matsalar kuɗi da mutum ke jin ba zai iya gaya wa kowa ba, da damar warware ta a ɓoye saboda amanar da ke hannunsa, da uzurin da yake ba kansa, kamar cewa aro ne zai mayar. Misalin da aka ba mu shi ne na bankin Barings na Landan, wanda aka kafa a 1762, ya kuma durƙushe a watan Fabrairun 1995 bayan asarar fam miliyan 827 ta hannun ma'aikaci guda, Nick Leeson, a reshensa na Singafo. An bar shi yana yin cinikin kuma yana kula da sashen da ke rubuta cinikin, wato shi ne mai aiki kuma shi ne mai duba aikin. Babu katanga ko maigadi da zai iya hana wannan, raba ayyukan biyu tsakanin mutum biyu ne kawai zai iya.

Duk da ƙaunar da nake yi wa wannan hanya ta toshe dama, ina da damuwa a kanta, kuma ba na son in ɓoye ta. Idan aka zurfafa a cikinta ba tare da rabin farko na karatun ba, mutum yakan fara ganin kowa a matsayin barazana, ya manta cewa wanda ake karewa da wanda ake tsarewa duk mutane ne masu haƙƙi. Tana kuma iya sa a ɗora wa wanda aka cuta laifin abin da aka yi masa, a ce don me bai kulle ba, don me ta fita a wannan lokaci. Ziyarar da aka kai mu gidan yari ta gyara mini wannan. Na zauna da wani matashi da bai girme ni ba, wanda ke jiran shari'a, kuma abin da ya fi damunsa a hirarmu shi ne ko mahaifiyarsa ta san inda yake. Na fito ina tuna Becker, ina tunanin sunan da zai bi wannan yaro ko da kotu ta wanke shi. Saboda haka nake ganin jami'o'in da suka haɗa fannonin biyu sun yi daidai, kuma ɗalibin da ya raina darussan zamantakewa da na haƙƙin ɗan Adam yana jiran na kyamara da makulli ya cuci kansa da waɗanda zai yi wa aiki.

Game da aikin yi, takardar shaidar ba ta mayar da kowa ɗan sanda ko jami'in leƙen asiri, domin kowace hukuma tana da nata sharuɗɗan ɗauka da nata horon. Waɗanda muka yi karatu tare sun watsu a hukumomin tsaro da gidajen gyaran hali da sassan binciken zamba na bankuna da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni, wasu kuma sun ci gaba da karatu. Wanda ke tunanin shiga ya duba jerin darussan jami'ar da yake nema, ya tabbatar akwai ƙididdiga da dokar laifuka da zuwa koyon aiki a cikinsu, ya kuma shirya wa karatu da rubutu mai yawa.

Ni nawa koyon aikin a wani babban ɗakin ajiyar kaya na yi shi, inda kaya ke ɓacewa kaɗan-kaɗan, shugabannin wurin kuma sun riga sun yanke shawarar ƙara masu gadi da sauya leburori. Wanda ke kula da ni, wani dattijo da ya daɗe a aikin, ya ce mini, "Ɗana, kafin ka rubuta komai, je ka zauna ka kalli wurin mako guda." Na zauna, na kuma karɓi littattafan shige da fice na jera ranakun da aka rasa kaya. Na lura cewa akwai wata ƙofar baya, ta gudun gobara, wadda ma'aikata ke tokarewa da katako da rana saboda zafin cikin ɗakin, kuma ba ta cikin abin da kyamara ke ɗauka. Na kuma ga cewa mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin sashen kaya masu tsada kuma shi ne ke ƙidaya su a ƙarshen mako. Rahoton da na rubuta bai ambaci sunan kowa ba, domin ba ni da shaida a kan kowa. Na ba da shawarar a sa fankoki da tagogi masu raga a saman bangon domin a daina bukatar buɗe ƙofar, a sa mata ƙararrawa mai kuka idan an buɗe ta, a kuma ba wani mutum dabam aikin ƙidaya. Dattijon ya karanta, ya gyara mini wurare biyu inda na rubuta zato kamar tabbas, ya sa hannu ya miƙa shi sama. Kafin wa'adina ya cika an kafa fankokin, an raba makulli da littafin ƙidaya, kuma ba a sallami lebura ko ɗaya ba.